Gwajin Gubar Shaƙa a Kan Ɓeraye: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Hulɗa da Sinadarai a Kano

Idan ka lura da duro-duron sinadaran da tireloli ke saukewa a Sharaɗa, Challawa da Bompai, za ka ga da yawansu na ɗauke da wata alama a cikin jan gida mai kusurwa huɗu: ko ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye, ko alamar motsin rai. Ba da ka aka zana su ba. Akasarinsu sakamakon gwaji ne da aka yi wa ɓeraye a wata ƙasa mai nisa, wani lokacin ma tun kafin a haifi yaron da ke mirgina duron zuwa sito. Ga tambayoyin da masu sito, ma'aikatan majema, masu fentin mota da ɗaliban kimiyya suka fi yi a kan wannan gwaji.

Shi wannan gwajin, mene ne shi a taƙaice?

Ana tura wa ɓeraye iskar da aka cakuɗa da sinadari daidai gwargwadon da aka auna, su shaƙa sau ɗaya tak, yawanci na tsawon awa 4. Daga nan a mayar da su kejinsu, a sa musu ido har kwana 14. Abin da ake son sani shi ne yawan sinadarin da ke kisa idan ya shiga iska, da lokacin da yake ɗauka, da irin ɓarnar da yake yi kafin ya kashe. Shaƙa ce ta rana ɗaya, irin wadda kan sami mutum ranar da bututu ya fashe ko duro ya tuntsure. Illar shaƙar yau da gobe tana da nata gwajin daban, na kwana 28 ko na kwana 90, inda ɓerayen ke shaƙa awa 6 a rana.

Ƙa'idar da duniya ta fi bi ita ce ta ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, mai hedikwata a Faris, mai lamba 403. An fitar da ita a 1981, aka sabunta ta a 2009.

Me ya sa sai ɓera?

Saboda an san shi ciki da bai. Fararen ɓerayen da ake kira Wistar, an fara kiwonsu ne a birnin Filadelfiya ta Amurka tun 1906, kuma daga lokacin an tara bayani a kan jininsu, huhunsu da cututtukansu fiye da na kusan kowace dabba. Suna da saurin haihuwa, ba su da tsadar ciyarwa, kuma 'yan gida ɗaya sun yi kama da juna ƙwarai, don haka idan an ga bambanci tsakanin rukuni biyu ana iya ɗora shi a kan sinadarin. Kada a ɗauka irin ɓeran kwata ne ko gafiyar bayan gida. Waɗannan a ɗaki mai tsafta ake haifarsu, ba su taɓa taka ƙasa ba.

To yaya ake gudanar da shi?

Ana zaɓar matasan ɓeraye masu lafiya, 'yan mako 8 zuwa 12, waɗanda nauyinsu bai yi wa juna nisa ba. Matan cikinsu sai waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, ba su kuma da ciki. Sai sun yi aƙalla kwana 5 a ɗakin sun saba da shi kafin a fara. Ɗakin kuwa ana riƙe shi a kan digiri 22, ragi ko ƙarin da aka yarda da shi bai wuce 3 ba, haske awa 12, duhu awa 12.

Hanyar shaƙar iri biyu ce. Ko dai a sa ɓeran dungurungum a cikin akwatin da iskar ke ratsawa, ko a zura kowanne a bututu daidai jikinsa, hancinsa kaɗai ke leƙawa inda iskar gwajin ke wucewa. Ta biyun aka fi so yanzu. Ɓera dabba ce mai yawan lasar jikinta. Idan ƙurar sinadari ta sauka a gashinsa zai lashe, ka ga gubar ciki ta haɗu da ta huhu, ba a san wadda ta yi ɓarnar ba. Sannan idan suna tare a akwati sukan cusa hanci a jikin juna, gashin ya tace musu iskar, lissafi ya rikice.

Inda aikin ke da wuya shi ne haɗa iskar. Dole ƙarfin sinadarin ya tsaya cak tsawon awa huɗun, ana ɗibar samfuri daga daidai bakin hancin ɓerayen ana aunawa. Ga gas da tururi, ba a son awon ya kauce da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Ga ƙura da feshi, kashi 20. Iskar oksijin kada ta gaza kashi 19, iskar da ake fitarwa daga numfashi kuma kada ta haura kashi 1, don kada a ce guba ce ta kashe alhali shaƙewa ce. Idan gari ne ko ruwan feshi ake gwadawa, sai an mayar da shi ƙanana sosai, matsakaicin girman ƙwayoyin tsakanin maikiromita 1 zuwa 4 (maikiromita ɗaya shi ne milimita ɗaya a kasa gida dubu). Abin da ya fi haka girma a hanci yake maƙalewa, ba ya isa can cikin huhu.

A tsohon tsari, kowane mataki na ƙarfin sinadarin yana cin maza 5 da mata 5, kuma ana yin aƙalla matakai 3. Ana rubuta duk abin da aka gani: numfashi da ƙyar, karkarwa, dalalar miyau, zawo, kasala, farfaɗiya, suma. Ana auna nauyinsu kafin shaƙar, sannan a rana ta 1, ta 3, ta 7 da ta 14. A ƙarshe ana feɗe kowannensu, wanda ya mutu da wanda ya kai ƙarshe, a duba hanci, maƙogwaro da huhu.

Idan ɓera ya fito da ransa bayan awa huɗun, me ake jira har mako biyu?

Wasu gubobin ba sa nuna kansu nan take. Waɗanda ke narkewa da sauri a ruwa, irin amoniya, tun daga ido da hanci suke fara ƙuna, mutum ya gudu. Waɗanda ba sa narkewa da sauri kuwa sukan wuce salin-alin zuwa ƙasan huhu, sai bayan awanni ruwa ya fara taruwa a ciki. Ɓera zai iya fita daga bututu yana ta kai-kawo, a wayi gari ya mutu. Da za a rufe littafi a ranar farko, da an wanke sinadarai da dama da suka fi kowanne mugunta.

Na ga an rubuta LC50 a takardar kayan da na sara. Me yake nufi?

Shi ne yawan sinadari a cikin iska da lissafi ya nuna zai kashe rabin dabbobin da suka shaƙe shi na lokacin da aka ambata. Idan lambar ƙarama ce, gubar mai ƙarfi ce, tunda kaɗan ya isa. Tunanin auna guba da mutuwar rabi ya samo asali ne daga wani masanin magunguna ɗan Ingila, J. W. Trevan, a 1927, lokacin da ake neman hanyar daidaita ƙarfin magunguna irin su insulin.

Gas ana ba da lambarsa da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan na iskar. Tururi, ƙura da feshi kuma da miligiram a kowace litar iska. A koyaushe duba awannin da aka rubuta a gefen lambar. Wasu tsofaffin gwaje-gwajen na awa 1 ne. Kafin a kwatanta su da na awa 4, ana raba lambar gida 2 idan gas ne ko tururi, gida 4 idan ƙura ce ko feshi.

Ke nan idan abin da ke cikin iskar shagona bai kai wannan lambar ba, babu matsala?

A'a, Alhaji, kuma nan ne aka fi yin mummunar fahimta. LC50 ba iyakar lafiya ba ce. Ka ɗauka an ce maka ga zurfin da rabin masu tsallake kogi ke nutsewa a cikinsa. Ba za ka tura ɗanka ya tsaya ɗan baya kaɗan da wurin ka ce ya tsira ba. A ƙasa da wannan lambar ma ɓeraye na mutuwa, sai dai ba su kai rabi ba. A ƙasa da hakan kuma akwai waɗanda ba su mutu ba amma huhunsu ya ƙone.

Iyakokin da ake sa wa wuraren aiki suna can ƙasa nesa. Ɗauki gas ɗin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid. Lambarsa a ɓera na awa 4 ita ce ppm 444. Amma hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ce ppm 100 haɗari ne ga rai nan take, kuma ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce ppm 10 ko da na minti 10 ne. Dubi tazarar da ke tsakanin 444 da 10. Wanda ya karanta ta farkon ya kwanta a kanta, ya karanta takardar a juye.

Kuma gwajin ba ya cewa komai game da cutar da ke zuwa a hankali. Sinadarin TDI da ake yin katifa da shi yana jawo asma ga ma'aikaci a kan adadin da ba zai kashe ɓera ko ɗaya ba. Benzin da ke cikin fetur yana da alaƙa da kansar jini. Ƙurar fasa dutse tana taurara huhu bayan shekaru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shaƙar awa huɗu za ta tona.

Ta yaya lambar ke komawa hoton da ke jikin duro?

Ta hanyar tsarin bai-ɗaya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira GHS, wanda aka fara bugawa a 2003. Ya kasa gubar shaƙa aji-aji. Ga gas: aji na 1 shi ne wanda lambarsa ba ta wuce ppm 100 ba, na 2 zuwa 500, na 3 zuwa 2,500, na 4 zuwa 20,000. Ga tururi, iyakokin su ne miligiram 0.5, 2, 10 da 20 a lita. Ga ƙura da feshi, 0.05, 0.5, 1 da 5.

Aji na 1 zuwa na 3 su ke samun ƙoƙon kai. Na 4 alamar motsin rai. A ƙarƙashin hoton akwai wata 'yar lamba: H330 na nufin shaƙarsa kisa ce, H331 mai guba ne, H332 mai cutarwa ne. Ko ba ka jin Turanci ko Sinanci, waɗannan lambobin ba sa canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Don a ji nauyin abin: shago mai mita 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsayi yana ɗaukar iska lita 27,000. Ƙurar da ke kan iyakar aji na 4, giram 135 ne zai kai iskar shagon wannan matakin. Wadda ke kan iyakar aji na 1 kuwa, giram ɗaya da 'yan kai ya wadatar.

A cikin abubuwan da muke ta'ammali da su a nan Kano, waɗanne ne suka fi tsanani?

Uku sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko shi ne gas ɗin da ke fita daga ƙwayar maganin hatsi, irin Phostoxin da 'yan'uwanta, da ake jefawa cikin buhunan wake da masara a Dawanau da rumbunan gida. Ƙwayar na haɗuwa da laimar iska sai ta saki fosfin. Lambarsa a ɓera ppm 11 ce kacal, wato can cikin aji na 1. Ƙwaya ɗaya a ɗakin da aka rufe tana iya kai iskar sama da haka. Buhun da aka sa wa ƙwaya ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ba ya ma kwana a ɗakin da ke bango ɗaya da na yara.

Na biyu shi ne mai warin ƙwan da aka ambata. A majemun zamani ana cire gashin fata da sinadarin salfaid. Duk ranar da ruwansa ya gamu da ruwa mai asid a kwata ko a rami, gas ɗin ya tashi. Ya fi iska nauyi, don haka a ƙasan rami yake kwanciya. Shi ne kuma ke jiran masu yasar sokawe da tsohuwar rijiya.

Na uku hayaƙin janareta ne da na gawayi, wato kabon monoksaid. Lambarsa a ɓera ta kai wajen ppm 1,800, aji na 3 ke nan, bai kai waɗancan biyun ƙarfin guba ba a takarda. Amma a ganina ya fi su zama abin tsoro a gidajenmu, domin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma kowa na da injin da ke samar da shi. A nan za ka gane cewa ajin sinadari abu ɗaya ne, yawan haɗuwar mutane da shi kuma wani abu ne.

Bayan su akwai kulorin na tace ruwa, amoniya na kamfanonin ƙanƙara, da fiya-fiya, wanda NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019.

Ai hancina zai gaya mini idan abin ya yi yawa.

Zai gaya maka da farko, sannan ya yi shiru. Haidirojin salfaid ana jin warinsa tun bai kai ppm 1 ba, amma idan ya kai wajen 100 zuwa 150 sai ya kashe jijiyar jin warin. Mutum ya ce wari ya tafi, alhali a lokacin ne ya ƙaru. A kan ppm 700 zuwa sama, numfashi ɗaya ko biyu ke kayar da ƙato.

Su ɓerayen awa huɗu suka shaƙa. Ni minti biyar kawai nake shiga in fito.

Akwai tsohuwar ƙa'ida mai sunan Fritz Haber, masanin kimiyyar nan na Jamus, da ke cewa illa tana bin ƙarfin gas a ninka da lokaci: mai ƙarfi na ɗan lokaci daidai yake da mai rauni na dogon lokaci. Bincike daga baya ya nuna ga gas da yawa ƙarfin ya fi lokacin tasiri, wato idan ƙarfin ya ninka biyu, haɗarin ya fi ninki biyu. Shi ya sa gyaran da aka yi wa ƙa'idar OECD a 2009 ya ƙara wani salo inda ake gwada ƙarfi daban-daban a kan lokuta daban-daban. Masu tsara matakan gaggawa su ke buƙatarsa, don su san nisan da za a kwashe mutane idan tanki ya fashe. Bala'in Bhopal na Indiya a Disambar 1984, inda gas ya tsiyaye daga masana'antar maganin ƙwari cikin dare ya kashe dubban mutanen unguwannin da ke kewaye, shi ne abin da kowa ke tunawa idan ana wannan lissafi. Mu ma unguwanni sun riga sun rungume Sharaɗa da Bompai.

Minti biyar ɗinka, ɗan'uwa, ya dogara da abin da ke cikin ɗakin, kuma ba ka da abin auna shi.

Ɓera fa ba mutum ba ne. Ina sakamakon ke iya yaudara?

Ta ɓangare biyu. Ɓera ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma cikin hancinsa ya fi namu lanƙwashe-lanƙwashe, yana tare abubuwa da yawa kafin su kai huhu. Lebura kuwa da ya ɗauki buhu, baki yake buɗewa, iska ta wuce kai tsaye. Haka kuma idan ɓera ya ji abu mai yaji a hanci yakan rage numfashinsa sosai na tsawon lokaci, abin da mutum ba ya iyawa. Ta nan lambar na iya nuna sinadari da sauƙi fiye da yadda yake. Ta ɗaya ɓangaren, ɓera na numfashi sau 70 zuwa sama da 100 a minti, mu kuwa 12 zuwa 20, don haka idan aka yi la'akari da ƙanƙantar jikinsa ya fi mu zuƙar iska.

Sannan ɓerayen gwaji duk matasa ne masu ƙoshin lafiya, a kwance ba sa aikin komai. Babu mai asma a cikinsu, babu mai ciki, babu jariri, babu tsohon da tarin fuka ya taɓa ci wa huhu.

Zafin Kano yana canza wani abu?

Ƙwarai. Gubar sinadarin ba ta canzawa, amma yawan tururin da yake fitarwa yana ƙaruwa da zafi. An yi gwajin a digiri 22. A watan Afrilu muna kai wa 40, cikin shagon kwantena ko ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka. Tinar fenti da aka bari a buɗe da tsakar rana tana cika ɗaki ninkin-ba-ninkin abin da za ta yi da asubahin hunturu. Hunturun ma da nasa: lokacin ne ake toshe tagogi, a shigo da kaskon wuta ɗaki.

Malam, wannan ba zaluntar dabba ba ne?

Wahala ce, babu amfanin ɓoye ta. Dabbar da aka matse a bututu awa huɗu tana shaƙar abin da ke ƙona mata huhu tana shan azaba. Fatawa ta malamai ce, amma duk Musulmi ya san hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka.

Su ma masu kimiyyar ba su kwanta a kan tsohon tsarin ba. Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka kafa sharuɗɗa uku: a maye gurbin dabba idan da hali, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Ƙa'ida ta OECD mai lamba 436 ta 2009 tana amfani da maza 3 da mata 3 a kowane mataki, kuma ajin sinadarin kawai take nema. Mai lamba 433 ta 2017 ba ta jiran mutuwa. Da an ga alamun guba ƙarara sai a tsaya. Dabbar da ta galabaita ana kashe ta cikin gaggawa a ƙirga ta cikin matattu, ba a barinta tana shure-shure. Abin da aka riga aka san yana cin nama, kamar asid mai ƙarfi, ba a son a gwada shi a matakin da zai azabtar.

Ra'ayina shi ne, babban rashin kyautawar yana faruwa ne a wajenmu. An riga an kashe dabbobin, an samo lambar, an buga ta a jikin duro. Sai kayan su iso kasuwa a juye su a robar ruwan sha da ƙullin leda, babu suna babu hoto, a miƙa wa mai saye. Ɓerayen nan sun mutu a banza ke nan.

Babu wata hanyar da ba sai an taɓa dabba ba?

Ana kan hanya. Yanzu ana rainon ƙwayoyin halittar maƙogwaron mutum a faranti, a busa musu sinadari a ga yadda za su yi, ana kuma amfani da kwamfuta a yi hasashe daga sinadarai masu kama da juna. Hukumomi na yafe gwajin idan abu ba ya tururi kuma ƙwayoyinsa sun yi girman da ba za a shaƙa ba. Sai dai faranti ba shi da jini, ba shi da ƙwaƙwalwa, don haka gubar da ke bi ta huhu ta je ta tsayar da zuciya ba ta bayyana a cikinsa yadda ya kamata.

Ni ɗaliba ce, ina son in yi aikin kammala karatuna a kan wannan. Zan iya sa ɓeraye a kwali in kunna musu maganin sauro?

Za ki iya ganin abin da hayaƙin ya yi wa huhunsu da hantarsu, amma kada ki kira abin da kika samu LC50. Muddin ba ki auna yawan sinadarin da ke cikin iskar kwalin ba, ba ki san abin da suka shaƙa ba, kuma ba za ki iya raba illar maganin da ta zafi da ƙarancin oksijin ba. Hanyar Lorke ta 1983 da aka saba koyarwa a sassan harhaɗa magunguna ta ɗura ce ko allura. Ba ta aiki a kan shaƙa. Ki fara da neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, ki tanadi rukunin da za a sa a kwali iri ɗaya ba tare da maganin ba, ki rubuta girman kwalin, nauyin abin da ya ƙone da tsawon lokacin. Kuma ki tuna ke ma a ɗakin kike, kina numfashi.

Da ni ne, da na bar ɓerayen na ari na'urar auna gas na zaga wajen masu fenti da masu rini na auna abin da mutane ke shaƙa a zahiri. Wannan bayanin ya fi ƙaranci a wurinmu.

Ina haɗa sabulun ruwa da bilic a gida ina sayarwa. Sai na kai an gwada a kan ɓera?

A'a, Hajiya. Ga kayan haɗi, tsarin GHS ya ba da lissafin da ake fitar da ajinsu daga lambobin abubuwan da aka zuba. Abin da kike buƙata shi ne takardar bayanin kariya ta kowane sinadarin da kike saye, wadda ake kira SDS. Sashe 16 gare ta. Na 2 yana faɗin haɗarin, na 4 agajin farko, na 8 kayan kariya, na 11 kuma nan lambobin ɓerayen suke. Kamfanin da ya ƙera kayan shi ke fitar da ita, wanda ya shigo da su da izinin NAFDAC ya kamata ya riƙe ta, don haka ki nema a wajen dilanki. Idan ya ce babu, sunan sinadarin ya isa ki samo ta a intanet.

Abin da lissafin ba zai gaya miki ba shi ne sabon gas da kan tashi idan abu biyu suka haɗu. Bilic da ruwan wanke masai mai asid suna fitar da kulorin. Bilic da amoniya ma suna fitar da nasu. Kada ki haɗa su, kada ki juye ɗaya a jarkar ɗaya.

Takunkumin asibiti ya isa? Madarar da ake ba mu bayan aiki fa?

Takunkumin asibiti da ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba sa tare gas ko tururi ko kaɗan. Takunkumin N95 ƙura yake tarewa. Gas sai takunkumin roba mai gwangwanin tacewa, kowane gwangwani da aikinsa. A tsarin Turai, mai ruwan ƙasa na tururin tina da fenti ne, mai ruwan toka na kulorin da danginsa, ruwan ɗorawa na gas mai asid, kore na amoniya. Gwangwanin yana cika ya daina aiki, gemu kuma yana hana robar kama fuska. A cikin rami ko tanki inda oksijin ya yi ƙaranci, babu gwangwanin da zai yi amfani.

Madara abinci ce mai kyau, a sha. Amma ciki take tafiya, gubar kuwa tana huhu. Manja ma haka.

Idan wani ya faɗi a wurin aiki saboda abin da ya shaƙa, me za mu yi?

Kada kowa ya faɗa ramin ko ɗakin da ya kayar da shi haka nan. Sau da yawa gawa ta biyu da ta uku na masu ceto ne. A buɗe ƙofofi, a kashe injin ko a rufe bututun idan za a iya daga waje, a jawo shi da igiya ko a bar wa mai kayan numfashi, a kira 'yan kwana-kwana. Da an fito da shi a kai shi inda iska ke kaɗawa, a cire masa tufafin da sinadarin ya jiƙa, a wanke ido da fata da ruwa mai yawa. Kada a ɗura wa wanda ya suma komai. Idan ba ya numfashi, wanda ya iya danna ƙirji ya fara.

A wuce da shi sashen gaggawa mafi kusa, ko Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko duk wanda ya fi sauƙin isa. A ɗauki hoton takardar jikin duron da waya a nuna wa likita, a gaya masa ƙarfe nawa abin ya faru da tsawon lokacin da mutumin ya yi a ciki. Ko ya farfaɗo a hanya ya ce ya warke a mayar da shi gida, a ƙarasa da shi, domin kulorin da fosfin kan tara ruwa a huhu bayan awanni, kuma likita na iya riƙe shi kwana ɗaya ko biyu yana duba numfashinsa.